Dariya Guzurin Baƙo

Ya kai ɗan kasuwa mai ƙetare iyaka, idan a makonnin farko na zamanka a wata ƙasa barci ya ƙaurace maka, abinci ya daina yi maka daɗi, ƙaramar magana tana tunzura ka, to nauyin baƙunta ne jikinka yake ɗauke da shi. Mutumin da kullum yake cikin ɗar-ɗar, yana tsoron kada ya yi kuskure a gaban jama'a, zuciyarsa takan ƙara bugu, wuyansa da kafaɗunsa su ɗaure, kansa ya riƙa sarawa. In abin ya daɗe, yakan taimaka wa hawan jini.

Abin mamaki, sau da yawa Hausar da kake tinƙaho da ita ce take fara ba ka kunya. Ka taso daga Kano, ka bi ta Jibiya, ka sauka Maraɗi. Ka tambayi kuɗin kaya an ce maka "ashirin", kai kana lissafin sefa 20, mai kaya yana nufin sefa 100, domin a Nijar da dala ake ƙirga, kowace dala kuwa sefa 5 ce. Jakar da ka sani a gida naira 200 ce, a can jika sefa 1,000. A zangon Kumasi kuma za ka ji an ce "Hajiya ya tafi kasuwa", ka tsaya kana waige-waige. Su ma in ka buɗe baki, taka Hausar dariya take ba su.

A nan ne zaɓi yake hannunka. Wani yakan haɗiye abin, ya koma masauki yana ƙuna, gobe ya rage magana, jibi ya daina zama cikin mutane. Wani kuwa yakan riga kowa dariya, ya ce: "Ku koya mini lissafinku tun ban sayar da rigata ba." Na biyun ya fi lafiya, ya kuma fi ciniki. Dariya tana sassauta jikin da ya ɗaure, tana buɗe numfashi, sannan tana sanar da mai gida cewa wannan baƙon mai sauƙin kai ne. Kuskuren da aka yi dariyarsa tare ya zama labari, kuma da wuya ka sake maimaita shi.

Wannan magani tsoho ne a wurinmu. Tun kaka da kakanni akwai wasan taubasai, da na jika da kaka, da barkwancin Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarabawa. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwanci na Nijar cikin al'adun gado na duniya. Saboda haka in ka sauka wuri, tambayi mai masaukinka su wane ne abokan wasan mutanenku. Bafulatanin da ya ci karo da Babarbare a tashar da bai san kowa ba, kafin a gama gaisawa har an fara gardamar wane ne ubangidan wani, kuma da wuya ya kwana da yunwa.

Sai dai wasa yana da iyaka kamar ƙasa. Fara da kanka, ka bar abincin mutane da addininsu da matansu har sai ka san gari. Kada ka yi raha da jami'an kan iyaka a kan takardu ko abin da ke cikin kayanka. A ɗakin magani ma, in ba ka fahimci adadin ƙwayar da za ka sha ba, kada ka rufe da murmushi: nemi a maimaita, ko a zana maka a jikin kwalin.

Ke kuma uwargida, lura da amaryar da aka kawo daga wata ƙasa, da yaran da ake kwaikwayon maganarsu a makaranta. In ana dariya su suna sunkuyar da kai, wannan ba'a ce, a tsawatar. Da dare ki ba yaran labarin naki kuren da kika tafka a kasuwa, su ma za su fito da nasu.

Akwai kuma mai ba kowa dariya da rana, ya kwana yana kuka. Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako 2 kusan kullum, ko mutum ya fara neman sauƙi a Tramadol ko maganin tari mai kodin, a raka shi asibiti mafi kusa, ko a wane ɓangaren iyaka yake, tare da wanda zai yi masa tafinta. Wanda ya ambaci cewa mutuwa ta fiye masa, ko da cikin wasa ya faɗa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga ma'aikacin lafiya a ranar.