Tsaga, Yanka da Fiɗa: Wace Kalma ce ta Dace da Wuƙar Likita?

Kundin da aka ƙaddamar a 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, don haka tantance kalmomin asibiti ya zama aikin masu nazarin harshe. Wannan maƙala za ta duba kalma ɗaya, wato tsaga, da yadda ta bambanta da maƙwabtanta.

Tsaga aikatau ne, suna ne kuma. Asalin ma'anarsa shi ne raba abu a tsaye ba tare da an cire wani sashe nasa ba: ana tsaga rake, riga tana da tsaga. A tsarin ajin aikatau na Parsons (1960), "ya tsaga fata" aji na ɗaya ne, "fata ta tsage" na huɗu, "ta tsagu" na bakwai. Tun kafin zuwan asibiti kalmar tana hannun wanzami: da aska yake yi wa jariri tsagar gado irin ta Gobirawa, da ita yake tsaga fata kafin ya kafa ƙaho. Abin lura shi ne, duk tsagar wanzami da niyya ake yin ta, da awo, kuma ana sa ran ta warke. Siffofin aikin likita ke nan.

Yanka kuwa tana ɗauke da nauyin mahauta. Idan tafinta a babban asibitin Agadas ya ce wa mai naƙuda "za a yanka ki", ya faɗi abin da zai iya sa ta ƙi amincewa, alhali aikin fitar da jariri kyauta ne a hukumance tun 2005. Shi ya sa jama'a ke sakayawa da "an yi mata aiki".

Fiɗa, wadda yawancin Hausawan Nijar ke furtawa hiɗa, ƴar'uwar feɗe ce, kuma aikin baki ɗaya take nufi. Haka tiyata, da Nijeriya ta aro daga sunan ɗakin aikin a Ingilishi. Kunnen da ya saba da Faransanci ba lallai ya gane ta ba.

A ganina, a bar wa fiɗa aikin gaba ɗayansa, a keɓe tsaga ga layin da wuƙa ta bi: "likita ya yi tsaga a ƙasan cibiya, ya ɗinke bayan ya gama fiɗa."