Kafin ka miƙa baki a fiƙe maka haƙori

'Ya'yana na Sinja da Mai Wurno da ƙauyukan bakin kogi, ku saurara. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 likita ya yi wuya, kuɗi ya yi wuya, kuma irin wannan lokaci ne mai awartaki ke cin kasuwarsa. Don haka ku san hula da gada tukuna: hula murfi ce da ake kifa wa haƙorin da ya lalace bayan an fiƙe shi. Gada kuwa haƙorin tangaran ne ko na ƙarfe da ake cike giɓi da shi, haƙoran gefe biyu su riƙe shi, su ma sai an fiƙe su. Abin da aka fiƙe ba ya tofowa.

Abin da za ka yi

1. Je wurin likitan haƙori mai takarda, ko da sai ka kai Sinnar ko Wad Madani. Kuɗin mota bai kai na gyaran ɓarna ba.
2. Nemi a ɗauki hoton saiwar tukuna. Ido ba ya ganin mugunyar da ke cikin ƙashi.
3. Sa a kwashe ruɓa, a wanke jijiya in ta mutu, sannan a sa hula. Hula rufewa take, ba ta warkarwa.
4. Faɗa wa likita in kana da ciwon suga ko hawan jini. Dasashin mai suga jinkirin warkewa gare shi.
5. Bayan cire haƙori, bari dasashi ya kwanta 'yan makonni kafin a gwada gada. In ya janye daga baya, rami zai buɗe a ƙarƙashi.
6. Ciza, ka ji, kafin a manna hula ko gada. In ta fi sauran tsayi, ka faɗa nan take.
7. Zura zare ƙarƙashin gada kullum dare. Asuwaki ba ya isa can, can kuwa kisira da nama ke kwana.
8. Kumatu ya kumbura da zazzaɓi, tafi asibiti ranar. Kumburin haƙorin ƙasa na iya sauka maƙogwaro ya toshe numfashi.

Abin da ba za ka yi ba

1. Kada ka bari a kankare lafiyayyen haƙori don haƙorin Makka. Na ga hajiyar da aka cire wa gwal, aka tarar da baƙin kututture yana wari.
2. Kada ka buɗe baki ga kayan aikin da ba a dafa ba. Wani irin ciwon hanta ta jini yake bi.
3. Kada ka ciji goruba, ƙwallon dabino ko ƙashi, kada ka buɗe kwalba da baki. Tangaran tsagewa yake.
4. Kada ka maƙala tumbak a leɓe. Yana cin dasashin da ke rufe bakin hula, ga hatsarin ciwon dajin baki.
5. Kada ka wuni kana kurɓar shayi mai cokali uku na sukari. Hula ba ta ruɓa, amma haƙorin da ke cikinta yana ruɓa.
6. Kada ka manna hular da ta faɗi da gam. Ƙulle ta a leda, ka kai wa likita.
7. Kada ka bar giɓin turmi shekara da shekaru don ba a ganinsa. Maƙwabtansa za su karkato, na sama ya zazzago, gada ta ƙi zama.
8. Kada ka yarda da mai ce maka aikinsa har kabari. Mai kyau kan yi shekara 10 zuwa 15 in an kula, daga nan a sake dubawa.