Gatan Farar Fata: Darasi Daga Motar Makaranta

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wata magana da akan yi a Amurka, watau gatan farar fata. Ma'anarta ba wai kowane Bature mai arziki ne ba, ko kuwa mugu. Abin nufi shi ne, akwai waɗansu wahaloli da ba su taɓa samunsa, don launin fatarsa kaɗai. Ga misali daga wajen aikinmu.

A Jihar Karolina ta Kudu akwai wata gunduma da ake kira Clarendon. A shekarar 1947 yaran Turawa suna da makarantunsu dabam, na baƙar fata dabam, gama haka dokar jihar ta ce. Hukuma ta ajiye motoci 30 na ɗaukar yaran Turawa, amma na baƙaƙe ko ɗaya babu. Waɗansunsu sukan yi tafiyar mil tara a ƙasa kafin su kai makaranta. A shekarar karatu ta 1949 zuwa 1950, an kashe dala 179 a kan kowane ɗan Bature, ɗan baƙar fata kuwa dala 43.

To, mu dubi yaron da ke cikin motar nan. Bai zagi kowa ba, bai ƙwace kome ba. Ya iso aji da ƙarfinsa, ɗan'uwansa kuwa ya isa nasa ajin a gajiye. In ya ci jarrabawa, sai ya ce ƙoƙarinsa ne, kuma lalle ya yi ƙoƙari. Amma ba ya lissafa motar, don bai taɓa rasa ta ba. Wannan shi ne gata. Mai shi ba ya ganinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Iyayen yaran suka roƙi mota guda, aka hana su. Suka tara kuɗi suka sayi tsohuwa, hukuma ta ƙi ba su ko man da za su zuba. Wani malamin makaranta, Joseph DeLaine, wanda kuma fasto ne, ya tattara su suka kai ƙara. Saboda wannan aka kore shi daga aiki, aka ƙone gidansa. Harry Briggs, wanda ƙarar ta ɗauki sunansa, shi ma ya rasa aikinsa a gidan mai. Lauyansu Thurgood Marshall ya kai maganar har Kotun Ƙoli, aka haɗa ta da waɗansu ƙararraki huɗu. Ran 17 ga Mayu, 1954, alƙalai tara suka yanke da baki ɗaya cewa raba yara a makaranta saboda launi ya saɓa wa tsarin mulki.

Doka ta canja, amma gata yakan zama gado. Wanda ya sami ilimi ya sami aiki, ya sayi gida, ya bar wa ɗansa. Binciken Babban Bankin Amurka na 2022 ya nuna matsakaicin iyalin Turawa suna da dukiyar dala 285,000, na baƙar fata kuwa 44,900.

Mu da za mu riƙe alli, in yaro ya makara ko ya faɗi jarrabawa, kada mu yi saurin cewa rago ne. Mu fara tambayarsa daga ina ya taso, da me ya zo, ya kuma karya kumallo ko bai karya ba.