Ciwon Dajin Tumbi Idan Ya Yi Nisa: Magani da Tsawon Rai

Duk wanda ya bi titin Zariya ta Gyadi-Gyadi, a ƙaramar hukumar Tarauni, ya san Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. A manyan asibitoci irin wannan ne ake zura siririn bututu mai kyamara ta baki, a leƙa cikin tumbi, a gutsuro ɗan nama a auna. Ta haka ake tabbatar da ciwon dajin tumbi.

Abin takaicin shi ne, ciwon kan fara ne da alamu irin na gyambon ciki, wato olsa. Sai mutum ya yi ta sayen magani a kemis, har ya fara rama, yana amai, yana ƙoshi da loma kaɗan, ko bayan-gidansa ya yi baƙi. Babban mai haddasa ciwon shi ne ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a 1982. Taba da yawan cin gishiri na ƙara haɗarin.

Likitoci sun kasa ciwon mataki 4. Idan bai bazu ba, akan yanke sashen tumbi ko dukkansa; Theodor Billroth ne ya fara cin nasarar yanke sashen tumbi a birnin Biyana a 1881. A mataki na 4 kuwa, ciwon ya riga ya kai hanta ko rufin cikin ciki, don haka tiyata ba ta cika warkar da shi ba. Manufar magani a nan ita ce tsawaita rai da rage wahala.

Hanya ta farko ita ce kemoterafi, wato magunguna masu kashe ƙwayoyin daji. Ta biyu, magani mai auna wani furotin: binciken da aka wallafa a 2010 ya nuna ƙara trastuzumab ga masu furotin HER2 ya ɗaga matsakaicin tsawon rai daga wata 11 zuwa kusan 14. Ta uku, masu zaburar da garkuwar jiki, irin su nivolumab, wanda Amurka ta amince da shi don wannan ciwon a 2021, sai dai da tsada. Ta huɗu, kulawar sauƙaƙe wahala: mofin don zafi, ƙarin jini, da buɗe hanyar abinci idan ta toshe.

Alƙaluman Amurka sun nuna kimanin 75 cikin 100 na waɗanda aka gano ciwonsu tun yana tumbi kaɗai sukan kai shekara 5, amma idan ya bazu nesa ba su kai 10 ba. Saboda haka, ɗalibi, in wani babba a gidanku yana fama da “olsa” da ta ƙi jin magani, yana kuma ramewa, ka ba da shawara a kai shi a leƙa tumbinsa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Tambayoyi:
1. Me ya sa tiyata ba ta cika warkar da mataki na 4 ba?
2. Kawo alamu 3 da ke buƙatar ganin likita.