Gishiri da Motsin Tsoka

1.0 Gabatarwa

Tun da daɗewa aka san Fagge a matsayin zangon Abzinawa masu kawo gishirin Bilma da kanwa cikin Kano. A maƙwabciyarta Sabon Gari kuwa, 'yan dako kan yini suna ɗaukar buhuna a kasuwa. Tsakanin gishirin da ƙarfin ɗan dako akwai dangantaka ta ƙut-da-ƙut, kuma ita ce wannan darasi zai fayyace.

2.0 Ma'anar Ayon da Tantani

Idan gishiri ya narke a ruwa yakan rabu zuwa wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki. Su ake kira ayon. Uku daga cikinsu su ne ginshiƙin aikin tsoka, wato sodiyam da fotasiyam da kalsiyam. Kowace ƙwayar tsoka tana lulluɓe da wani siririn tantani mai maiƙo, wanda ayon ba ya iya ratsa shi sai ta wasu ƙofofi, tamkar yadda ganuwa kan hana shiga birni sai ta ƙofa.

3.0 Yadda Ayon ke Ratsa Tantani

A lokacin hutu, sodiyam ya fi yawa a wajen ƙwayar, fotasiyam kuwa a cikinta. Wani famfo ne a jikin tantanin ke tsare wannan bambanci, inda yakan fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2 a kowane zagaye, ta amfani da ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Jens Skou, ɗan ƙasar Denmak, shi ya gano famfon a 1957, ya kuma sami kyautar Nobel a 1997.

Yayin da ɗan dako ya yunƙura zai ɗaga buhu, matakai huɗu ne ke biyo baya:

i. Jijiya takan isar da saƙo, sai ƙofofin sodiyam su buɗe, ya kwarara ciki, cajin ƙwayar ya juya.
ii. Wannan sauyi yakan sa rumbun kalsiyam da ke cikin ƙwayar ya buɗe.
iii. Kalsiyam yakan ba zaruruwan tsoka damar kama juna su ja, tsoka ta tsuke.
iv. Fotasiyam yakan fita caji ya koma daidai, a mayar da kalsiyam rumbunsa, tsoka ta saki.

4.0 Muhimmancin Darasi ga Malami

Amai da gudawa, musamman na kwalara, sukan zubar da sodiyam da fotasiyam tare da ruwan jiki. Sakamakon haka gaɓɓai kan mutu, bugun zuciya kan rikice, domin ita ma zuciya tsoka ce. Wannan ne ya sa ƙunshin maganin gishiri da sukari ke ɗauke da ayon ɗin biyu, sukarin kuma ya taimaka wa hanji tsotse sodiyam. Malamin da ya fahimci haka zai gaggauta ba ɗalibi mai gudawa wannan ruwa kafin a kai shi asibiti. Zai kuma koyar da cewa ayaba da dabino da wake suna da wadataccen fotasiyam.

5.0 Kammalawa

An ga cewa tsoka ba ta motsi sai da bambancin ayon tsakanin cikin ƙwaya da wajenta, kuma duk abin da ya rusa wannan bambanci barazana ne ga rai.

Jinga

1. Kawo matakan tsukewar tsoka.
2. Tsara darasi ga 'yan aji shida na firamare a kan amfanin ruwan gishiri da sukari.