Laifi Tudu Ne: Nasiha Ga Samarin Kano



Daga zaman makoki na dawo na ɗauki alƙalami. Yaron da muka kai makwancinsa bai cika shekara 25 ba. Ya taso daga shagon ɗinki bayan sallar isha'i, wasu samari uku suka tare shi a bakin lungu, suka ce ya kawo waya. Ya ɗan yi gardama, ɗayansu ya soka masa wuƙa a ƙirji. Kafin a sami abin hawa a kai shi asibiti, rai ya yi halinsa. Wayar da aka kashe shi a kanta ko kuɗin ragon layya ba ta kai ba.

Bayan an shafa fatiha, sai zance ya koma kan tambayar da ake yi a kowace majalisa a garin nan: laifin wane ne? Wani ya ce gwamnati ce. Wani ya ce 'yan siyasa ne. Wani malamin makaranta ya ce iyaye ne suka saki ragama. Wani magidanci ya ce talauci ne. Na saurare su duka, kuma kowa da gaskiyarsa. Sai dai har muka tashi ban ji bakin da ya ce "ni ma da nawa" ba. Magabata sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi ya sa nake so mu zauna, ni da ku, mu bi sawun wuƙar nan, mu ga hannu nawa ta ratsa kafin ta isa ƙirjin yaron nan.

Daba ba jiya ta fara ba. Mun tashi mun tarar da ita a wajen 'yan farauta da 'yan tauri. Kowace unguwa da tata ƙungiya, in rani ya yi a buga ganga a shiga daji da karnuka, wani lokaci a yi faɗa a kan nama ko a kan fifiko. Ban ce waliyyai ba ne, sun yi ɓarna a zamaninsu. Amma yawancin rigimarsu tsakaninsu take, kuma abin kunya ne a ce namiji ya zare makami a kan mace ko tsoho ko mai wucewa.

Siyasa ce ta fito da su daga daji ta kawo su bakin titi. Tun a shekarun 1950, lokacin hamayyar NEPU da NPC, aka fara jin sunan 'yan banga. A jamhuriya ta biyu, zamanin rikicin siyasar 'yan santsi da 'yan taɓo, abin ya ƙara ƙamari. Wanda duk ya ga ranar 10 ga Yulin 1981, ranar da aka ƙona gine-ginen gwamnati aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara kan siyasa, ya san abin da taron samari masu makami ke iya yi cikin wuni guda. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 kuwa, sai cutar ta yaɗu da sunaye iri-iri: Kalare a Gombe, Sara-Suka a Bauchi, Ƙauraye a Katsina. Ɗan siyasar da ya ba yaro kuɗin ƙwaya ya ce ya raka shi yawon kamfen, ya kuma watsar da shi bayan an rantsar, bai karɓi wuƙar ya tafi da ita ba. A hannun yaron ya bar ta. Wannan hannu na farko ke nan.

Hannu na biyu na masu riƙe da arzikin jama'a ne. Na yi zamanin da jiniyar masana'antu a Bompai da Sharada da Challawa ke tashin gari da asuba. Ma'aikata kan kekuna, wasu na shiga wasu na fita, masaƙu da kamfanonin fata da na man gyaɗa suna aiki dare da rana. Yaro ko firamare kawai ya gama, yana da inda zai sa kansa. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, wutar lantarki ta yi ƙaranci, atamfar waje ta cika kasuwa, sai masana'antun suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Jama'a kuwa ƙaruwa take yi: a ƙidayar 2006 an lissafa sama da mutum miliyan 9 a jihar nan. A 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa, wadda ta riƙe samari masu ɗimbin yawa. A 2023 aka cire tallafin man fetur, tsadar rayuwa ta taɓa kowane gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan ya daɗe da tsagewa.

Hannu na uku na mai sayar da kayan maye ne. Mutum mai cikakken hankali ba ya soke ɗan'uwansa a kan waya. Sai an fara kashe hankalin tukuna. A 2018 wani binciken BBC ya nuna yadda maganin tari mai kodin ya yi katutu a tsakanin matasa, har da na Kano, gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi nan take. Binciken da aka yi a faɗin ƙasa a wannan shekarar ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Kodin da tramol da wiwi da sholisho ba daga sama suke faɗowa ba. Akwai mai shigo da su, akwai dillali, akwai mai ɗan shago a bayan layi. Da yawansu magidanta ne masu 'ya'ya, kuma ba sa yarda nasu su sha.

Hannu na huɗu namu ne, mu iyaye, kuma a nan ba zan ɓoye nawa ba. Shekarun baya na ga ɗan maƙwabcina a wani kango da tsumma a hanci. Na san abin da yake shaƙa. Na sunkuyar da kai na wuce, don gudun kada ubansa ya ce na sa wa ɗansa ido. Yau yaron nan yana gidan yari, kuma duk sanda na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. A da ɗa na kowa ne, maƙwabci ya tsawatar, uba ya je ya yi godiya. Yanzu mun wayi gari uwa na ɓoye wuƙar ɗanta a ƙarƙashin katifa, uba na rantsuwa a caji ofis cewa sharri aka yi wa ɗansa, mai unguwa na tsoron faɗin sunan wanda kowa ya sani. Wasunmu sun haifi 'ya'yan da ba su san inda suke kwana ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa mun bari ya bushe muna neman wanda za mu ɗora wa.

To 'ya'yana, na lissafa muku duk waɗannan ne don ku san ban zo in jibga muku laifin duniya ba. An cuce ku ta fuskoki da dama, kuma manya ne suka cuce ku. Amma ku saurare ni da kyau: a daren nan, a bakin lungun nan, ba gwamna ne ya riƙe wuƙar ba, ba ɗan majalisa ba ne, ba talauci ba ne. Saurayi ne kamarku, mai suna, mai uwa, wanda zai tsaya shi kaɗai gaban Ubangijinsa a tambaye shi ran da ya ɗauka. Da talauci ne ke soka wuƙa, da ba a kwana da rai a garin nan ba. Ku dubi masu tura kurar ruwa, da 'yan dako a Kantin Kwari da Singa da Dawanau, da masu rini a Ƙofar Mata, da almajirin da ke yankan farce. Wasu ko karin kumallo ba su da tabbacinsa, amma hannunsu bai taɓa jinin kowa ba. Kuma wa ake kashewa? Tela, ɗalibi, ɗan adaidaita, ma'aikaciyar asibiti mai dawowa daga aikin dare. Talaka ne ke kashe talaka.

Na san mafi yawanku ba ku taɓa riƙe makami ba, Allah ya yi muku albarka. Amma wuƙar nan tana da sauran hannaye, kuma wasunsu naku ne.

Kai da aka kawo wa waya mai tsada a rabin kuɗinta, babu kwali babu rasit, ka san daga inda ta fito. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ranar da ɓarawo ya rasa mai saye, ranar zai daina tare hanya. Kai mai gyaran waya da ake kawo wa a cire mata makulli a goge ta, ka tambayi mai ita. Ke 'yata, saurayin da ba ki san sana'arsa ba ya miƙo miki waya sabuwa fil, ki tambaye shi inda ya samu kafin ki yi murna. Wataƙila mai ita yana kabari.

Kai da ake kira a mota ranar taron siyasa, a ba ka 'yan dubbai da hula da gora, ka duba cikin ayarin nan da kyau ka ga ko akwai ɗan ɗan siyasar da ya kira ku. Nasa suna makaranta, wasu ma a ƙasar waje. In ka mutu, ko ta'aziyya ba lallai ya zo ba. Ka ba shi ƙuri'arka in ka ga ya cancanta, amma kada ka ba shi damtsenka.

Kai da aka sari ɗan unguwarku, abokai suna zuga ka a je a rama, ka tsaya ka yi tunani. Faɗan unguwa da unguwa ya girme ka, kuma har yau ba a sami wanda ya ci riba ba. Wanda za ku sara a can, galibi bai san hawa ba bai san sauka ba, hanya ce kawai ta biyo da shi. Gobe su ma su zo su sari naku. Wanda ya haƙura ya yanke wannan igiya, shi ne jarumin unguwa.

Kai kuma da ka ji an yi ihun ɓarawo ka ɗauki dutse, ka ajiye shi. Na san zukata sun ƙuna, har an kai ga ƙona baburan adaidaita da ake zargi. Amma sau nawa aka kashe wanda bai ji ba bai gani ba saboda ihun mutum ɗaya? A kama, a miƙa wa hukuma, a kuma daure a je a ba da shaida. In kuwa kai aka tare, ɗana, ka miƙa wayar. Ana sake sayen waya, ba a sake sayen rai.

Sai kai da ka riga ka shiga, wanda wataƙila wani ne zai karanta maka wannan. Ban fid da rai da kai ba. A 2023, da kwamishinan 'yan sanda Muhammad Usaini Gumel ya yi kira ga 'yan daba su ajiye makamai, samari da yawa sun fito sun miƙa nasu a bainar jama'a. Na san wanda ya bar daba ya koyi walda, yau yana da mata da 'ya'ya da yaran shago. Ka je wajen limamin unguwarku ko wani dattijo da kake jin nauyinsa, ka ce ka gaji. Mu kuma wajibinmu ne mu karɓe ka, mu daina kiranka da tsohon suna, mu sa ka a sana'a. Wanda ya tuba aka rufe masa ƙofa, an tura shi ya koma ne.

Hukuma ta gwada dabaru. A 2022 an hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A 2023 majalisar tsaro ta jiha ta ce a ɗauki ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. An sha hana tashe a watan azumi saboda ɓata-gari sun fake da shi, yara suka rasa wasan da muka gada. Duk waɗannan suna da amfaninsu, kuma ku ci gaba da neman haƙƙinku a wajen shugabanni: makaranta, aikin yi, fitilun titi, shari'a mai sauri. Amma doka tsare hanya take yi, ba ta shiga zuciya.

Babur ɗin nan mai ƙafa uku da kuke hawa kullum, ko kun san inda ya samo sunansa? Daga shirin gyaran tarbiyya ne da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙaddamar a 2004, ita kuma ta aro kalmar daga masallaci. Ku tuna yadda ake yi in an tayar da iƙama. Liman yakan juyo ya ce a daidaita sahu, amma ba ya bin mutane ɗaya-ɗaya yana ja musu ƙafa. Kowa ƙasa yake dubawa, ya ga inda tasa ƙafar take, ya matsa gaba ko ya ja baya, ya rufe giɓin da ke gefensa. Da kowa zai tsaya yana nuna karkacewar na can ƙarshe, da ba a tayar da sallar ba. Haka garin nan yake. Ni na duba tawa ƙafar, na ga inda na kauce, kuma na ɗauki alkawari ba zan sake ganin ɗan maƙwabci a kango in wuce ba. Ku ma ku duba taku.

Allah ya jiƙan yaron nan da aka kashe da duk waɗanda aka zalunta, ya ba iyayensu haƙuri. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba ku sana'a mai albarka, ya zaunar da Kano da ƙasa baki ɗaya lafiya. Amin.