Magungunan Ciwon Jijiya da Tasirinsu Kan Tuƙi da Tunani

A ɗauki misalin dattijo mai ciwon sukari a unguwar Tudun Jukun ta Zariya, wanda tafin ƙafarsa ke yi masa zugi da raɗaɗi kamar ya taka garwashi. Likita ya rubuta masa magani, ya sha da daddare, ya sami barcin da ya daɗe bai samu ba. Da gari ya waye sai ya hau babur, ya goya jikokinsa biyu zuwa makaranta. Tambayar da ya kamata ɗalibin kimiyya ya yi ita ce: shin ƙwaƙwalwar wannan dattijo ta gama wartsakewa?

Mene ne ciwon jijiya?

A Hausa, kalmar jijiya ta haɗa hanyoyin jini da kuma zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Na biyun ake nufi a nan. Idan suka sami lahani, sukan riƙa aika saƙon ciwo ko da babu rauni a jiki. Ciwon sukari na kan gaba wajen haddasa wannan matsala. Haka kuma kuturta, wadda ake horar da ma'aikatan yaƙi da ita a cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye, kusa da Zariya, da kuma gocewar faifan ƙashin baya. Farasitamol ba ya yi wa irin wannan ciwo aikin kirki, shi ya sa likitoci kan koma ga amitriptyline, ko gabapentin da aka amince da shi a Amurka a 1993, ko pregabalin da ya biyo baya a 2004.

Yadda suke aiki

Jijiyoyi na miƙa wa juna saƙo ne ta hanyar wasu sinadarai. Gabapentin da pregabalin suna rage shigar sinadarin kalsiyam cikin bakin jijiya, sai fitar saƙon ya ragu, ciwo ya lafa. Sai dai magani ba ya bambance jijiyar ƙafa da ta ƙwaƙwalwa. Jini na kai shi ko'ina, don haka jijiyoyin lura da tunawa da yanke shawara su ma sukan yi sanyi. A gwaje-gwajen da aka yi wa pregabalin, kimanin kashi 30 cikin 100 na masu shan sa sun yi fama da jiri, kimanin kashi 23 kuma da gyangyaɗi.

Shi kuwa amitriptyline, ban da rage ciwo, yana toshe aikin sinadarai biyu: histamin mai riƙe mutum a farke, da asetilkolin mai taimaka wa ƙwaƙwalwa wajen adana sabon abu. Sakamakon haka shi ne barci, da mantuwa, da dishi-dishin gani, da bushewar baki. Jiki kan ɗauki awa 10 zuwa 28 kafin ya kawar da rabinsa, alhali pregabalin kimanin awa 6 yake buƙata. Ke nan ƙwayar da aka sha bayan sallar isha tana nan cikin jini da hantsi.

Lissafin kan titi

Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan magani ya jinkirta taka birki da rabin daƙiƙa kacal, motar ta ƙara mita 8 kafin ta fara tsayawa. A lungunan Tudun Jukun ko cunkoson Ƙofar Doka, wannan tazara ta isa ta raba yaro da ransa. Abin tsoro shi ne, mai tuƙin ba ya jin jinkirin a jikinsa, domin ƙwaƙwalwar da za ta faɗakar da shi ita ce ta yi nauyi.

A 2019 an wallafa wani bincike kan mutane fiye da 190,000 a ƙasar Suwidin. An gano cewa haɗurra da laifuffukan hanya sun ƙaru da kimanin kashi 13 cikin 100 a lokutan da suke shan gabapentin ko pregabalin, kuma haɗarin ya fi yawa ga matasa. A shekarar ce Birtaniya ta sanya magungunan biyu cikin jerin waɗanda doka ta tsaurara sayar da su.

Matakan kariya

Haɗarin ya fi tsanani a makonnin farko da kuma duk lokacin da aka ƙara yawan magani. A irin wannan lokaci, hawa Keke Napep ya fi tuƙa kai. Haɗa su da tiramadol, ko kodin, ko giya, ko maganin mura mai sa barci yana ninka illar, har yakan danne numfashi. Ƙoda ce ke fitar da gabapentin da pregabalin, don haka sukan taru a jikin tsofaffi da masu raunin ƙoda. Duk da haka, ba a daina shan su farat ɗaya, domin hakan na iya jawo rashin barci ko farfaɗiya, kuma shi kansa ciwon da ba a kula da shi ba yana raba hankalin direba. Wajibi ne majiyyaci ya shaida wa likita ko mai harhaɗa magunguna cewa yana tuƙi. Ɗalibin da ke shan su, ya ga karatu ya daina zama, shi ma likita zai koma wa.

Aikin aji

Malami ya riƙe rula a tsaye, ɗalibi ya buɗe yatsu biyu daidai sifili, sannan a saki rular ba tare da sanarwa ba. Wanda ya cafke ta a santimita 20 ya ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A maimaita gwajin yayin da ɗalibin ke ƙirga lambobi da baya, a kwatanta sakamakon, sannan a lissafa mita nawa bambancin zai zama ga mota mai gudun kilomita 60 a awa.